Yadda za ka raba tsaba da ƙaiƙayi a kalmomin Turanci na sharhi da suka

Shekarun baya, lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandaren ƙauye a ƙasar Gumel, na sa wa 'yan aji shida wannan tambaya a jarrabawar gwaji: Criticise the use of chemical fertiliser by farmers in your village. Da daddare ina zaune a kan tabarma da 'yar fitilar caji ina duba takardu, sai na iske wani yaro mai ƙoƙari ya cika shafi biyu da faɗa. Manoma jahilai ne, masu sayar da taki macuta ne, takin kansa guba ne. Ko kalma ɗaya ta alheri babu. Washegari na kira shi gindin darbejiya.

"Kai, wa ya ɓata maka rai haka?"

"Malam, ai kai ka ce a soka."

"Ku a gonarku ba kwa zuba takin?"

"Muna zubawa, Malam. Bara ma buhu biyu Baba ya saya."

"To ashe Baban naka ka wanke tas."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu. Laifin nawa ne, domin ni na rubuta musu a allo cewa criticise na nufin suka, na ja layi, na wuce. Tun daga ranar na daina ba kowace kalma daga cikin waɗannan fassara ɗaya tak. Ga hanyar da nake bi da ɗalibai, har da abokan aiki masu karatun NCE da ke kawo mini takardunsu.

Mataki na farko: ka san gidan su critic

Tushen kalmar daga Girkanci yake, krinein, ma'anarsa rarrabewa da yanke hukunci. Ka tuno matar da ke sheƙar gero a masussuka. Ta ɗaga ƙwarya sama, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zubo a ƙasa. Ba gaba take yi da geron ba, so take ta san nawa ne abinci a cikinsa. Aikin critic ke nan tun asali. Ma'anar kushe da neman aibu daga baya ta manne wa kalmar, kuma yau duka biyun suna raye. Saboda haka ka ɗauki takarda ka jera 'yan gidan.

Critic mutum ne. Yana iya zama mai sharhin fina-finai ko littattafai wanda sana'arsa ke nan, yana kuma iya zama mai sukar gwamnati. Criticism shi ne aikin. Criticise shi ne aikatau, Amurkawa na rubuta shi da z, mu nan mun fi bin rubutun Ingila. Sai critique, wanda nazari ne mai tsari, galibi rubutacce, da ake zama a yi wa wani aiki. Wannan shi ne kusa da abin da malaman Hausa a jami'a ke kira tarke. Mutane da yawa suna rikita shi da critic, har ka ji an ce wa mutum "he is a critique". Kuskure ne, mutum ba ya zama critique, sai dai ya rubuta shi. A furuci ma sun bambanta: a critic ƙarfin murya yana kan gaɓar farko, a critique kuwa yana kan ta ƙarshe, kuma a ja ta, kamar kiritiik.

Wanda ya fi kowa wahalar da mutane a gidan shi ne critical, don fuska uku gare shi. In an ce wane is critical of the chairman, to sukar ciyaman yake yi. In an ce critical thinking, ana nufin tunani mai bin diddigi, wanda ba ya haɗiye magana sai ya tauna. In kuwa a asibiti ka ji ta, ka bar batun suka gaba ɗaya. Mun taɓa kai wani dattijo maƙwabcinmu asibiti a Kano, likita ya duba shi ya ce wa nas, his condition is critical. Ɗan dattijon, wanda ya ɗan taɓa boko, ya fito baranda yana huci, wai likita ya kushe yadda suka kula da mahaifinsu. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ba da kai yake ba. Cewa ya yi jikin Baba ya yi tsanani. Je ka nemo maganin da aka rubuta."

Ga kuma wani abin mamaki. In ka ga an rubuta cewa fim is critically acclaimed, ba kushe shi aka yi ba. Masu sharhi ne suka yaba masa, yabon gwani ya zama dole.

Mataki na biyu: kafin ka fassara review, ka duba inda ka tsince ta

Kalmar ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci, kuma gininta a fili yake: re sakewa, view dubawa. Sake dubawa. Amma wane ne ke sake dubawar, kuma don me? Wurin da ka gan ta shi zai gaya maka.

A jarida ko rediyo, book review ko film review sharhi ne, inda mai sharhin zai ba da labarin aikin a taƙaice, ya faɗi inda ya burge da inda ya gaza. A wayarka ma haka take. 'Yan maganganun da mutane ke rubutawa a ƙasan taurarin nan guda biyar na kowace manhaja a Play Store, su ne reviews. In an ce mixed reviews, wasu sun yaba wasu sun kushe. Rave reviews kuwa yabo ne har da kambamawa.

A takardar gwamnati ko ta ofis, sai ka gyara zama. Lokacin da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, jaridun Turanci review suka riƙa kiran abin. Ba sharhi aka yi wa albashin ba, canza shi aka yi. Haka in takarda ta zo ta ce the fees have been reviewed, ka nemi kalmar upward ko downward a kusa, sama ko ƙasa. In babu ko ɗaya, ka shirya aljihu. Ni dai a rayuwata ban taɓa buɗe irin wannan takarda na iske an rage ba. Sai under review, wadda masu neman aiki ko tallafin noma ke yawan gani a waya: ba a ƙi ka ba, ba a kuma ɗauke ka ba, takardarka tana kan tebur.

A manyan makarantu akwai literature review, babin nan da 'yan sashen Hausa ke kira bitar ayyukan da suka gabata. Kalmar literature a nan ba adabi take nufi ba, duk abin da aka riga aka rubuta a kan batunka ne, ko da batun cutar kaji ne. Peer review kuma shi ne masana su duba aikin tsaransu kafin a buga. A kotu akwai judicial review, inda alƙali ke duba ko wata hukuma ta wuce gona da iri a matakin da ta ɗauka.

Kada ka haɗa review da revise. In ka zaga gona bayan shuka ka ga wuraren da ba su tsiro ba, ka yi review. In ka koma da iri ka cike guraben, ka yi revise. Shi ya sa littafin da aka gyara aka sake bugawa ake ce masa revised edition. Wuri ɗaya ne suke musayar riga: bitar karatu don jarrabawa, Turawan Ingila revise suke cewa, Amurkawa kuma review. Mu namu makon bita revision week ne, irin na Ingila.

Comment ba ta da wahala, tsokaci ne, gajere. Remark ma haka, ita ce ke saman ɗan gurbin da malamin aji ke rubutu a katin sakamako. Commentary ita ce doguwa mai bin abu daki-daki, kamar mai sharhin ƙwallo a rediyo. Wanda ya yi karatun zaure ya riga ya san ta, domin Samaruddani commentary ne a kan Risala: yana bin matanin yana warwarewa, ba neman laifinsa yake ba. Kalmarmu ta sharhi ma daga Larabci muka aro ta. Af, tunda Larabci ya shigo, kalmarsu ta criticism ita ce naƙd, kuma ita ce dai ke nufin tsabar kuɗi, wadda muke ji a wurin ɗaurin aure in an ce lakadan ba ajalan ba. Mai canji ne ke juya sulalla yana rarrabe na ƙwarai da na jabu. Su da kuɗi suka kwatanta, ni da gero.

Mataki na uku: kalmomin awo, ka koye su a kara

Assess, appraise da evaluate sukan shiga gonar juna, kuma sau da yawa in ka sa ɗaya a madadin ɗaya ba wanda zai kama ka. Duk da haka kowace da inda ta fi zama daram. Hanya mafi sauƙi ita ce ka je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka tsaya kusa da dillalin shanu.

Zai kama sa ya buɗe masa baki ya dubi haƙora, ya shafa tozo, ya leƙa kofato, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Wannan examine ne, ko inspect. Daga nan ya ce san bai wuce shekara uku ba, lafiyarsa ƙalau, sai dai ya ɗan rame. Ya yi assess ke nan, ya auna halin da dabbar ke ciki. Sa'ad da ya matso ya raɗa maka cewa kada ka taya sama da kaza, ya yi appraise, ya yi wa san kuɗi. Kalmar dangin price ce. Kai kuma ka saya, ka ɗaure a turke wata huɗu, ka sayar gab da Sallah, sannan ka zauna ka lissafa kuɗin dusa da harawa da ƙaiƙayi da magani ka ga ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wannan shi ne evaluate. Value na cikinta, daraja. Shi ya sa ma'aikatan nan masu zuwa ƙauye da farar mota bayan an gama aikin tallafi, irin na shirin Fadama, ake ce musu 'yan monitoring and evaluation.

Assess tsohuwar kalmar haraji ce. Asalinta na Latin yana nufin zama kusa da alƙali, daga nan ta koma nufin yanka wa mutum abin da zai biya. Turawan mulkin mallaka assessment suke kiran aikin yanka haraji, kuma a ƙasar Kano har malaman taki aka yi, masu bin gonaki suna aunawa da taku. Yau a makaranta ita ce CA ɗin nan, continuous assessment, makin da ake tarawa a hankali cikin zango. Ma'aikacin gwamnati kuma ya san fom ɗin APER da ake cikewa kowace shekara, wanda harafin E na cikinsa evaluation ne.

Mataki na huɗu: 'yan uku masu kama da juna

Censor, censure, census. Uwarsu ɗaya. A tsohuwar daular Rum akwai wani babban jami'i da ake kira censor, shi ke ƙidayar jama'a da dukiyarsu, shi ke kuma sa ido a kan ɗa'arsu. Daga aikinsa kalmomin uku suka fito. Censor tacewa ce, a cire abin da ake ganin bai dace ba kafin jama'a su gani, irin aikin hukumar tace fina-finai da ɗab'i da jihar Kano ta kafa a 2001. Censure tsawatarwa ce a hukumance, kamar majalisa ta zauna ta nuna rashin jin daɗinta da wani jami'i. Census ƙidaya ce, irin ta 2006.

Condemn ta fi dukkansu zafi, Allah wadai ce. Insult kuwa zagi ne tsagwaronsa, ba ya cikin wannan gida ko kaɗan, ko da yake shi yaron nan nawa ya rubuta mini. A ɗaya ɓangaren akwai constructive criticism, wanda Bahaushe ya riga ya gama bayaninsa tun da ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mataki na biyar: ka haddace kowace kalma da 'yar rakiyarta

A nan maki ke zuba a banza. Ana cewa criticise somebody for something, amma critical of something. Blame for, amma accuse of. Comment ba ta tafiya sai da on: comment on the poem, ba comment the poem ba. Review in aikatau ce ba ta son rakiya, review the book, in suna ce sai ta ɗauki of, a review of the book. Feedback ba ta da jam'i, kamar advice, don haka babu wani abu wai shi feedbacks. Kada ka haddace kalma ita kaɗai, ka haddace ta cikin jimla guda wadda ta shafi garinku. The farmers criticised the dealer for raising the price ta fi zama a kai fiye da layin ƙamus.

Mataki na shida: yadda za ka amsa tambayar in ta fito

In tambaya ta ce list ko state, jerawa kawai ake so. Describe, ka siffanta. Amma in ka ga criticise, critically examine, assess ko evaluate, to an miƙa maka ƙwaryar sheƙa ne, kuma ana jiran ka faɗi abin da ya rage bayan iska ta yi aikinta.

Mu koma kan tambayar taki. Ka sami gefen takarda ka ja layi a tsakiya. A hagu ka rubuta amfani, a dama illa. Kada ka fara rubuta amsa sai kowane ɓangare ya sami aƙalla abu biyu, kuma kowane abu da hujjarsa. A hagu: takin zamani yana aiki da sauri, buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin ɗari, shi ya sa masara ke yin kore shar kwanaki kaɗan bayan an zuba. Ɗaukarsa ma ba wuya, babur ɗaya ya kai shi gona, alhali takin gida sai an yi ta sawu da amalanke ko mangala. A dama: tsada, sannan ba ya gina ƙasa. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi, ba ta riƙe ruwa, in aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya wanke takin ya yi ƙasa da shi. Kashin dabbobi da juji su ke sa ƙasa ta riƙe laima. In kuma an zuba yuriya gab da gindin shuka ba danshi, ƙonewa take yi.

Yanzu sai rubutu. Sakin layi na farko ka faɗi abin da ake magana a kai. Na biyu ka kawo amfanin, na uku illar, kuma ka haɗa su da kalmomin juyi: however, although, on the other hand. Waɗannan su ne alamar da mai duba takarda ke nema don ya san ka kalli fuska biyu. Misali: Although urea acts quickly, it does not improve sandy soil. Jimla ɗaya, ga yabo ga gyara.

Sakin layi na ƙarshe shi ne wanda yara suka fi gudu, wato hukunci. Tarbiyyarmu ta sa yaro yana jin nauyin ya ce ga ra'ayinsa a gaban malami, sai ya jera ɓangarorin biyu ya tsaya, kamar dillalin da ya gama duba sa ya ƙi faɗin kuɗi. A irin wannan tambaya rashin hukunci asarar maki ce. Ka fara da on balance ko in my view, ka faɗi matsayarka, ka ba da dalili. On balance, farmers should combine fertiliser with manure. Ba dole ne ra'ayinka ya zo ɗaya da na malamin ba, abin da ake so ya fito daga hujjojin da ka kawo a sama. Kuma ka soki aikin, ka bar mutanen. A ce the method is costly, kada a ce the farmers are foolish.

Mataki na bakwai: littafin aljihu da aikin mako

Ka sayi ƙaramin littafin rubutu. Duk inda ka ci karo da ɗaya daga cikin kalmomin nan, a jarida, a saƙon waya, a takardar ofis, ka kwafe jimlar gaba ɗaya, ka rubuta inda ka gan ta, sannan ka rubuta kalmar Hausar da ta dace da wannan wurin: suka, sharhi, tsokaci, bita, tarke, awo, kimantawa, tacewa. Bayan wata guda za ka ga review ɗaya ta sami fassara huɗu ko biyar a littafinka, kuma duk daidai ne. In za ka duba ƙamus, ka nemi irin na masu koyo, na Oxford ko Longman, don su ne ke kawo misalan jimla da 'yan rakiya. Ka karanta ma'anonin duka har ƙasa, kada ka tsaya a lamba ta ɗaya.

Sannan kowane mako ka rubuta review mai layi biyar a kan wani abu da ke gabanka: shayin mai shayin bakin tasha, injin niƙa, sabon irin wake da aka gwada bana. Layi ɗaya me ne ne abin, biyu na yabo, ɗaya na gyara, ɗaya na hukunci. Shekarar da na fara sa wannan aiki, 'yan ajina suka zaɓi tuƙa-tuƙan makaranta. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta miƙe ta karanta nata: The water is clean and it does not dry up in April. However, the handle is loose and it injures small children. On balance, it is a good pump that needs one bolt. Mai gadi yana jingine da taga yana saurare, ya ce, "Malam, me ta ce ne?" Na fassara masa. Ranar kasuwa ya dawo da noti a aljihu.